Yadda ake gyaran jelkot a jikin jirgin ruwa na fiba

Daga watan Afrilu zuwa Yuni ruwan kogin Isa, wato kogin Neja, yana ja baya ƙwarai a Yamai. Tudun yashi ya fito a tsakiyar kogi, duwatsun da ruwa ya rufe tun damina su tsaya dab da sama, kuma a wannan lokacin ne jiragen fiba, wato waɗanda aka yi da zaren gilashi da ruwan roba, suke samun yawancin raunukansu, ko dai ƙasan jirgi ya gogi dutse, ko a ja shi a kan tsakuwa wajen fid da shi gaɓa. Kwalekwalen katako ana toshe shi da ƙyalle da kwalta a ci gaba da tafiya. Jirgin fiba ba ya karɓar wannan. Fatarsa ta waje, wadda ake kira jelkot, tana da hanyar gyaranta, kuma duk mai haƙuri da hannu mai natsuwa zai iya yi da kansa.

Jelkot ba fenti ba ne, ko da yake ido yana ɗaukarsa haka. Rezin ne na foliyesta, wato ruwan roba mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri, da aka zuba wa launi, aka fesa shi cikin mazubin jirgin tun a masana'anta kafin a shimfiɗa zaren gilashi a bayansa. Kaurinsa wajen rabin milimita ne, kamar kaurin farce. Aikinsa ya tare ruwa da rana kada su kai ga zaren da ke ƙarƙashi. Idan ya fashe aka bar shi, ruwa yana bin zaren yana shiga kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ƙaramin rauni ya zama babba.

Fara da sanin irin raunin

Wanke wurin da ruwa da omo, ka bar shi ya bushe, sa'an nan ka duba shi da rana a karkace, da safe ko da la'asar, lokacin da inuwa ke nuna kowane ƙarci. Ja farcenka a kai. Idan farce bai maƙale ba, ƙarcin sama ne, gogewa da samfefa mai laushi da man ƙyalli ya ishe shi, ba sai an zuba sabon jelkot ba. Idan farce ya faɗa ciki amma launin ƙasan raunin ɗaya ne da na jirgin, jelkot ne kaɗai ya ji ciwo. Idan kuwa kana hango wani abu mai duhu ko mai zare-zare, rauni ya kai ga fiba.

Ɗauki ƙwandalar dala ashirin ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen wurin. Jiki mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi. Inda ƙarar ta mutu, kamar ana buga kwali, shimfiɗun zaren sun rabu da juna a ciki. Danna da babban yatsa: in ya lotsa, wannan ba aikin jelkot kaɗai ba ne, sai an gyara fibar tukuna. Zagaye iyakar wurin da fensir tun yanzu, don da ka fara gurza ba za ka ƙara gane ta ba.

Kayan aiki

Samfefar ruwa, aseton (ruwan wanke maiƙo da rezin), sikocin takarda na masu fenti, safar hannu da man goge fenti duk ana samunsu a shagunan kayan gini da na fentin mota, irin waɗanda ke kasuwar Katako. Samfefa ka sayi lamba 80, 240, 400, 600, 800 da 1200; ƙaramar lamba ita ta fi kaushi. Jelkot ɗin kansa da maganin da ke daskarar da shi su ne masu wuyar samu, sau da yawa sai an yi saƙonsu daga biranen bakin teku kamar Kotonu, Lome ko Legas. Maganin daskarewar ruwa ne garau, a jikin kwalbarsa za ka ga an rubuta MEKP, ko PMEC in rubutun Faransanci ne. Masu aiki suna ce masa katalizar. Kada ka ɗauka ɗaya ne da jan man da ke zuwa tare da mastik ɗin mota, wato abin cike lotsawar jikin mota. Wancan wani sinadari ne dabam, an yi shi don mastik.

Jelkot iri biyu ne, kuma rashin sanin wanda ke hannunka shi ne ya fi ɓata wa mutane aiki. Akwai wanda aka yi don fesawa cikin mazubi: wannan idan iska tana taɓa shi, samansa ba ya bushewa, zai yi ta danƙo ko bayan sati. Akwai kuma wanda aka sa wa kakin farafin, kakin ya taso sama ya tare iska, shi kuma ya bushe ƙamas. A gwangwaninsa ana rubuta paraffiné ko finition. In za ka zuba sau ɗaya ne, mai kaki ya fi sauƙi. In raunin yana da zurfi har zai ɗauki zubi biyu ko uku, yi na ƙasa da marar kaki, domin sabon zubi ba ya kama saman kaki sai an goge shi.

Duba kwanan watan da ke gwangwanin. Jelkot yana ɗaukar wajen wata 6 a wuri mai sanyi, a cikin shago mai rufin kwano kuwa bai kai haka ba. Wanda ya yi gudaji ko ya yi kauri kamar tuwo ya mutu, ba abin da zai ta da shi.

Sauran kaya: sirinji na mililita 1 ko 2 daga kantin magani don auna katalizar, ƙaramin sikeli mai nuna giram, kofunan takarda marasa kaki ko gwangwanin tumatir da aka wanke ya bushe, tsinkayen motsawa, guntun roba mai faɗi na shafe mastik, leda mai kauri marar rubutu, da fararen tsummoki na auduga. Farin kofin nan mai kumfa na shan shayi kada ka kusance shi, rezin yana narkar da shi nan take.

Katalizar kuwa a yi hattara da shi. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. Sa tabarau mai rufe gefe, ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa da kai. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa minti 15 sa'an nan a garzaya asibiti. Idan an sayar maka da wani ruwa mai launin shuɗi-ja da ake kira kobal, mai hanzarta daskarewa, kada ya haɗu da katalizar kai tsaye ko da a tsumma ne, wuta suke tayarwa. Yawancin jelkot na sayarwa an riga an sa masa kobal a ciki, ba ka bukatar ƙari. Taba da murhun shayi su yi nisa da wurin, domin aseton da rezin duk masu kama wuta ne.

Lokacin aiki

Alƙaluman da ke jikin gwangwani an rubuta su ne don zafin digiri 18 zuwa 25. A wannan yanayi haɗin yana ba ka minti 10 zuwa 20 kafin ya fara kamawa. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Ke nan da azahar ɗin watan Afrilu a Yamai, zafi ya haura digiri 40, jikin jirgin da ke rana ya fi haka nesa, haɗin zai daskare a kofi kana cikin motsawa. Abin da ya kai jikin jirgi kuma zai kama kafin kumfar iska ta fita, ya bar ƙananan ramuka kamar na allura.

Saboda haka aikin zubi na sassafe ne, daga bayan sallar asuba da gari ya waye zuwa wajen ƙarfe 9. Kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin rumfa ko tamfol tun daren jiya, jikinsa ya kwana ya huce. Gwangwanin jelkot ya kwana a ɗaki mai sanyi ko a gindin randa. Lokacin hunturu zafi ba ya damun kowa, ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin, ka kare ɓangaren gabas da iska ke fitowa. Da damina kuwa laima ce. In hadari ya haɗu, ɗaga aikin zuwa gobe.

Jirgin da aka fid da shi daga ruwa yau ba a gyara shi yau. Idan rauni ya kai ga zare, ba shi kwana 3 zuwa mako guda ya bushe bayan ka buɗe wurin. Gwaji mai sauƙi: manna guntun leda a kan raunin da sikoci ta kowane gefe, ka bar shi ya kwana. In ka tarar da raɓa a cikin ledar da safe, da sauran ruwa.

Shirya wurin

Goge da aseton kafin ka taɓa samfefa, ba bayan ba kaɗai. Dalili shi ne duk wani maiƙo, man inji ko tsohon man ƙyalli da ke sama, samfefa za ta tura shi cikin ƙarcin da take yi, daga nan kuma ba ya fita. Yi amfani da tsumma biyu, ɗaya jiƙe ɗaya busasshe yana bin sa, kana juya su.

Sai ka buɗe raunin. Mutane suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar ƙara ɓarna ne, amma jelkot ba ya zama a siririn tsagi mai miƙaƙƙen baki. Da kan wuƙa, ko kusurwar kurfi, ko ƙaramin injin gurza, faɗaɗa shi ya zama kamar kwari, bakinsa a kwance, faɗinsa ya ninka zurfinsa sau uku ko huɗu. Duk ɓallin da ke motsi a cire shi. Goge cikin da samfefa lamba 80 har ƙyalli ya ɓace ko'ina, ka kaɗe ƙurar, ka sake bi da aseton, ka jira minti 10 ya tashi sarai. Daga nan yatsa ba ya ƙara taɓa wurin. Kewaye shi da sikoci, ka bar tazarar milimita 2 ko 3 daga bakin raunin.

Launi

Farin jirgin da ya shekara biyar a ranar Sahel ba fari ba ne kuma, ya juya zuwa ruwan madara ko ya ɗan yi rawaya. Farin gwangwani a kansa zai fito kamar sabon faci a tsohuwar riga. Da farko goge wani ɗan wuri kusa da raunin da man goge fenti don ainihin launin ya bayyana. Ɗebi jelkot isasshe na dukan aikin a kofi ɗaya, ba tare da katalizar ba, ka riƙa sa launi da kan tsinken sakace, rawaya kaɗan, wani lokaci ɗan baƙi ko ruwan ƙasa. Launin ya zama na rezin foliyesta. Fentin mai ko na ruwa yana hana shi daskarewa. Ɗiga kaɗan a wurin da ka goge, ka ja baya ka duba a hasken rana, ka share da aseton, ka ƙara. Yana ɗan sauya launi in ya bushe, don haka gwajin ƙarshe a yi shi da katalizar a kan guntun gilashi. A ƙasan jirgi, inda kifi ne kaɗai ke gani, kada ka ɓata safiyarka a kan wannan.

Haɗi da zubi

Ma'aunin katalizar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne na nauyin jelkot. A giram 50, kashi 1 shi ne rabin mililita, kashi 2 mililita ɗaya. Da sanyin safiyar Disamba ko Janairu sa kashi 2. Da safiyar bazara, zafi ya kai digiri 30, sauka zuwa kashi 1 da ɗan ɗori. Kada ka yi ƙasa da kashi 1 wai don ka sami lokaci: haɗin zai yi kamar ya kama amma cikinsa ba zai taɓa yin ƙarfi ba. Kada kuma ka wuce kashi 3 don sauri, zai yi zafi, ya canza launi, ya yi gautsi. Kimanta da ido ko ƙirga ɗigo daga bakin kwalba ba ma'auni ba ne, shi ya sa aka ce sirinji.

Haɗa kaɗan-kaɗan, giram 20 ko 30 a lokaci guda. Haɗi mai yawa a kofi mai zurfi yana dafa kansa, har ya yi hayaƙi. Motsa minti ɗaya cikakke, a hankali, kana kankare gefe da gindin kofi. Bugawa kamar ƙwai yana cusa iska.

Idan wurin a tsaye yake, ruwan jelkot zai zurara. Ana kaurara shi da garin silika mai sauƙi kamar toka, wanda ake sayarwa da sunan Aerosil, har ya yi kamar man gyaɗa. A zuba garin kafin katalizar, kuma a sa takunkumi don ba a shaƙarsa. In kuma ya yi kauri da yawa, abin tsinka shi wani ruwa ne da ake kira sitiren, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Aseton da tina na wanke kaya ne, a cikin haɗi suna ɓata shi.

Da tsinke ka fara cusa haɗin cikin gindin raunin daga gefe guda zuwa ɗayan, kana tura iska gaba. Sai ka cika har ya ɗan yi tudu sama da jikin jirgin, kamar kaurin sikocin da ka manna ko fiye kaɗan, saboda yana ƙanƙancewa in ya bushe. Wanda ya shafe shi daidai wa daida zai tarar da kwari gobe. Raunin da ya fi milimita 2 zurfi a cika shi sau biyu, a jira na farko ya kama har farce ba ya shiga amma da sauran danƙo.

In marar kaki ne a zubin ƙarshe, rufe shi daga iska. Yanki leda wadda ta fi wurin faɗi, ka aza bakinta a gefe guda, ka kwantar da ita sannu a hankali don kada ta kama kumfa, ka bi ta sama da robar shafi sau ɗaya, ka manne gefunan. Cire sikocin kewaye da zarar haɗin ya fara kauri; in ka bari ya bushe, zai ɓalle da bakin gyaran. Ragowar da ke kofi kada a jefa ta cikin shara da ɗuminta. Ajiye kofin a ƙasa a fili, shi ne kuma agogonka: in na kofi ya yi dutse, na jirgi yana hanya, ko da yake shi siriri ne, ya fi jinkiri.

Gogewa

Bayan awa 3 ko 4 zai yi tauri, amma bar shi ya kwana. Ɓare ledar. Naɗe samfefa a jikin ɗan katako mai shafaffen ciki, kamar girman akwatin ashana. Da yatsa kawai ba a samun shafaffen wuri, yatsa yana bin tudu da kwari, ya cinye tsohon jelkot na gefe ya bar tudun yana nan.

Sake manna sikoci a kewaye don kare gefen, ka fara da lamba 240 da ruwa mai ɗan sabulu. Da samfefa ta fara cin sikocin, cire shi ka koma 400. Zana wurin da fensir ka ci gaba. Inda zanen ya rage, nan ne kwari. Daga nan 600, 800, 1200, kowace lamba tana share ƙarcin wadda ta gabace ta, kana ɗan faɗaɗa da'irar, kana sauya hanyar gugar. Tsallake lamba ba ya rage aiki, ƙarcin zai fito ne bayan an sa ƙyalli. Ka tuna rabin milimita kaɗai gare ka a gefe. Da ka ga wani duhu yana tasowa ta ƙarƙashin farin, tsaya, ka kusa huda shi.

Ƙananan ramukan allura in sun bayyana, wanke su da aseton, ka cusa sabon haɗi da kan reza, ka sake gogewa. Ƙarshe man goge fenti da tsumma mai laushi ko inji a hankali, kada wurin ya yi zafi, sai man ƙyalli na mota.

Tsagewar gizo-gizo

Siraran tsagi masu bazuwa kamar saƙar gizo suna fitowa inda wani abu ya bugi jirgi, ko inda jikin ke lanƙwasa: kewayen kusoshi, kusurwar kujeru, da allon baya inda injin ke rataye. Shafa jelkot a kansu aikin banza ne, ba ya shiga. Kowane tsagi sai an bi shi an buɗe shi har ƙarshensa, a ɗan wuce. In suna da yawa a wuri guda, gara a gurje fatar wurin gaba ɗaya a shafa sabuwa da buroshi, shafi biyu ko uku. Kuma in lanƙwasawa ce ta jawo su, za su dawo sai an ƙara wa wurin ƙarfi ta ciki da shimfiɗar zare. Tsagi a allon baya a duba shi da kyau, sau da yawa katakon da ke cikinsa ne ya sha ruwa ya ruɓe.

In rauni ya kai ga zare

Gurje duk zaren da ya yi fari ko ya farfashe har ka kai ga mai lafiya. Kwantar da bakin ramin sosai: faɗin gangaren ya ninka kaurin da ka cire sau 12, wato zurfin milimita 3 yana son gangaren wajen santimita 3 da rabi ta kowane gefe. Yanka tabarmar zaren gilashi mai nauyin giram 300 ko 450 a murabba'in mita, gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗan fi ƴar'uwarta girma. Shafa rezin foliyesta mai katalizar, aza zare, ka daddanna da kan buroshi har farinsa ya ɓace ya zama garau. Fari-fari da ya rage iska ce ko busasshen zare. Tabarma tana shan rezin kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyinta. Tsaya kaɗan ƙasa da fuskar jirgin don jelkot ya sami wurin zama. In ya bushe, goge da lamba 80, aseton, sa'an nan jelkot.

Mastik ɗin mota yana da jaraba don yana kusa kuma yana da arha. Sama da layin ruwa zai ɗan yi kwana. A ƙasa kuwa garin da ke cikinsa yana shan ruwa, ya kumbura ya ɓalle. Efoksi, wani irin rezin dabam, ya fi foliyesta kamu da tare ruwa, amma jelkot ba ya kama shi da kyau, don haka wurin da aka gyara da efoksi fenti ake bi da shi.

Akwai kuma ƙuraje da ke tasowa a ƙasan jirgin da ya daɗe zaune cikin ruwa. Ruwa ne ya ratsa fatar ya taru a baya, kuma ruwan daɗi mai ɗumi irin na kogi ya fi na teku saurin jawo su. In ka huda, wani ruwa mai warin tsami zai fito da ƙarfi, sa tabarau. Buɗe kowane ƙurji, a wanke da ruwa mai tsabta sau da yawa cikin kwanaki, a bar shi makonni ya bushe, a cike da efoksi. Watannin rani sun dace da wannan.

Idan gari ya waye gyaran yana danƙo, gwada da farce. Sama kaɗai ke danƙo, ƙasa da tauri: iska ce ta taɓa shi, goge da aseton ka ci gaba da samfefa. Har ciki yana da laushi: katalizar ya yi kaɗan, ko ya tsufa, ko ba a motsa sosai ba, fitar da jirgin rana awa biyu, in bai kama ba a kankare duka a sake. Ya janye ya bar ƴan ramuka kamar idon kifi: maiƙo ne a ƙasa. Ya yamutse kamar fatar kada: shafin farko ya yi siriri ko bai kama ba aka ɗora na biyu. Ya ɓalle gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai: ba a gurje wurin ba, ko da sauran laima.

Gyaran da ke ƙasan layin ruwa a ba shi kwana 3 kafin a mai da jirgi kogi, mako guda in an sa zare. Ragowar jelkot a rufe bakinsa da leda kafin murfi, a ajiye a inuwa, kwalbar katalizar kuma a wani wuri dabam, nesa da rana da hannun yara.